Rantsuwar Rasheed Mai Kwamfuta

Duk yaron da ya wuce sakandare a unguwarmu ta Fagge, in dai ya taɓa cin tallafin karatu na gwamnati, to ya zauna a kan bencin Rasheed mai kwamfuta. Ban ce wasu ba, duka na ce. Ni Hajo nake faɗa, kuma ina da bakin faɗa, don ƙanwata Muhibba ya aura, Allah ya jiƙanta, sannan 'ya'yana ma ta hannunsa suka bi. Shagon nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne guda a bakin titi, tsakanin mai wankin hula da wata Monica mai sayar da lemo, da kwamfuta biyu, da injin fotokwafi da sai an mare shi a gefe yake aiki. A nan ya yi shekara da shekaru, yanzu ga furfura har a gira.

Babansa tela ne, Bayarabe, ya zo Kano tun ba a haife mu ba, daga wani gari da ni har yau harshena bai iya juya sunansa ba. A Fagge ya zauna, a nan ya rasu, a nan aka binne shi. Shi kuwa Rasheed a layinmu aka yanke masa cibiya, a zauren Babanmu ya fara riƙe allo tare da ƙanena Salmanu, kuma in yana zuba Hausa sai ka rantse kakansa a cikin badala aka haife shi. Ya koyi bugun tafireta a Sabon Gari, ya yi shekaru a gindin wata bishiya kusa da gidan waya yana buga wa mutane takardun neman aiki. Da kwamfuta ta shigo gari sa'o'insa suka ce su kam sun tsufa da koyo. Shi ya sayar da babur ɗinsa ya shiga aji tare da yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba, suna yi masa dariya yana tambayarsu abin da bai gane ba.

Abin da ya fitar da shi daban shi ne sanin wa ya cancanci me. Da an yi sanarwa a rediyo cewa an buɗe neman tallafi, ko na jiha ko na tarayya, kafin ka ce kwabo ya samo sharuɗɗan ya zauna da su, sannan ya bi gida-gida yana sallama. "Ina Habibullah? A ce masa an buɗe. Ya nemo takardar shiga makaranta da katin ɗalibi da takardar asali, kuma kada ya zo min ranar rufewa, ba a fafe gora ranar tafiya." In lokacin tantancewa ya matso sai ya jera su a benci yana yi musu tambayoyi kamar alƙali, wa ye mai unguwarku, ina gidan kakanku, har sai bakin yaro ya daina rawa. Wanda bai cancanta ba kuwa ba ya ɓoye masa. Akwai wani Kenechukwu, ɗan masu sayar da kayan mota a Sabon Gari, ya zo da zumuɗinsa, Rasheed ya ce masa, "Wannan kam ba naka ba ne, na 'yan asalin jiha ne. Amma zauna, taku jihar ma tana bayarwa, mu duba." Yaron nan yanzu injiniya ne, duk ƙarshen shekara sai ya aiko masa da shinkafa.

Sai dai fa mutumin yana da wani hali mai ƙona rai. Ba ya buga abin da bai gani da idonsa a takarda ba. Ɗana Hamzat ya taɓa zuwa, makinsa ya gaza abin da ake nema da ɗan ƙiris, ya ce, "Baba Rasheed, a ɗan ɗaga shi mana, wa zai duba?" Rasheed bai yi masa faɗa ba. Hannunsa kawai ya janye daga kan na'urar ya naɗe a ƙirji yana kallon titi, har yaron ya gaji ya tashi. Na yafa mayafi na same shi, na ce, "Haba Rasheed, ɗanka ne fa! Ɗan wannan abin?" Ya ce, "Yaya Hajo, masu tantancewa sun san takardun da ke fitowa daga shagon nan, ba sa ma doguwar tambaya a kansu. Ranar da aka kama ƙarya ɗaya, duk yaran unguwar nan na shafa wa kashin kaji." Na yi ta masifa har na gaji, shi yana ta ba ni haƙuri, amma ko harafi ɗaya bai canja ba. Na daina amsa gaisuwarsa, sai da Hamzat ya dage ya gyara makinsa ya samu a shekara ta gaba sannan muka shirya. Ni dai har yau ina ganin taurin kan ya yi yawa, na dai daina faɗa a gabansa.

To, taurin kan nan yana da tarihi. Lokacin da zai auri Muhibba babansa ya riga ya rasu. Babban da ya rage masa a Kano shi ne ƙanin baban, Alhaji Akeem, babban dila a Kasuwar Singa, kuma shugaban ƙungiyar 'yan garinsu da ke taro a ƙofar gidansa a Sabon Gari. Rasheed ya je taron don ya roƙe shi ya tsaya masa a matsayin uba wajen ɗaurin aure. Su a al'adarsu, namiji in zai gai da babba kwanciya yake yi rub da ciki, ƙirji a ƙasa. Rasheed kuwa ɗan Fagge ne, yadda ya saba gai da Babanmu haka ya yi: ya cire takalmi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. A wurinsa ya kai ƙarshen ladabi. A wurin tsohon kuwa, a gaban jama'arsa, wannan raini ne tsagwaronsa.

Nan fa Alhaji Akeem ya buɗe baki. Ya ce tun ba a kawo Bahaushiyar ba ta riga ta sandarar masa da baya. Ya ce ya je can su ba shi uba, kuma duk abin da matar nan ta haifa ba jininsu ba ne, kada a kawo masa. Rasheed ya miƙe, ya sa takalminsa, ya rantse da Allah a gaban kowa cewa ƙirjinsa ba zai taɓa ƙasa don wannan mutum ba har abada. Limamin unguwarmu ne ya karɓar masa aure. Suka yi zama da Muhibba irin wanda ni ban taɓa gani ba, mutum ne da zai dawo daga shago ya karɓi tsintsiya a hannun matarsa, muna yi masa tsiya yana dariya. Sun daɗe ba haihuwa, sannan Allah ya ba su Raudha, ita kaɗai. Tana firamare ciwo ya kwantar da Muhibba, ya tafi da ita. Fagge kaf ta zo gaisuwa, har 'yan Sabon Gari da ba su san yadda muke zaman makoki ba sun zo sun zauna a tabarma. Alhaji Akeem ko aike. Wallahi wannan ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

Rasheed bai ƙara aure ba, duk da zawarawan da na yi ta nuna masa har na gaji. Shi ya yi ta fama da yarinya, ni ina taya shi da kitso da abin da namiji ba zai iya ba. Ya koyi tuwo a hannuna, tuwon da sai mai ƙaunarsa ne zai ci, amma Raudha tana ci tana cewa ya fi nawa, don rashin kunya. Ta taso da ƙwaƙwalwa irin ta uwarta, ta samu jami'a a nan Kano, karatun haɗa magunguna. Ranar da sunanta ya fito, shi da yake buga wa 'ya'yan mutane irin wannan takardar kullum, sai da ya kasa riƙe tata da hannu ɗaya.

Tana aji uku aka shiga shekarar nan da ba wanda zai manta, da aka janye tallafin mai, kuɗin makaranta kuma ya yi tashin gwauron zabi. Shagon Rasheed dama ya fara ja da baya, don yanzu kowane yaro da waya a hannu, ga man janareto ya fi ƙarfin ciniki. Mu ma dangi kowa ta kansa yake yi. Lamunin nan na gwamnatin tarayya da yara ke nema yanzu, lokacin ba a fara shi ba. Makaranta ta sa ranar rufe rajista, duk wanda bai biya ba ya zauna a gida. Raudha ta rame, ta fara cewa wai za ta ajiye karatun ta kama koyarwa a wata makarantar kuɗi, in hali ya samu ta koma. Mun san irin wannan komawar, ba a yin ta.

Sai ga sanarwa, jiha za ta tallafa wa 'ya'yanta. Bencin Rasheed ya cika har bakin kwata, daga safe har magariba yana cike wa 'ya'yan mutane, tasa 'yar tana gefe tana taya shi jera takardu. Ita ba ta ciki. Asali ta wajen uba ake binsa, kuma tun wurin yin katin ɗan ƙasa da jarrabawar shiga jami'a, shi da hannunsa ya rubuta mata jihar kakanta ta can kudu, don ita ce gaskiya a wurinsa. Oh ni Hajo! Yarinyar da aka haifa a ɗakina, uwarta 'yar malaman Fagge, ubanta bai san hanyar kasuwar garinsu ba, wai ita ce baƙuwa. Abin ya ci min rai ƙwarai.

Salmanu, wanda malamin makaranta ne kuma amininsa tun na allo, shi ya fara kawo shawara. Muka sami Rasheed bayan ya sallami yara, Salmanu ya ce, "Abu mai sauƙi. Mu je wurin mai unguwa na ce 'yata ce, ai ban yi nisa da gaskiya ba, 'yar ƙanwata ce. A yi mata takardar asali da sunana, sauran takardun a bi a gyara." Ni kuma na ce wace doguwar wahala ce wannan, ga inji a gabanka, takardun asali nawa suka bi ta hannunka? Ka fi masu yin ta sanin kamanninta. Rasheed ya dube mu, ya yi wannan naɗe hannun nasa da na tsana. Ya ce wa Salmanu, "Na gode, amma ina raye ba za a ara wa 'yata uba ba." Ni kuwa ya san na riga na san amsar tawa shawarar.

Na ce, "To sai ta zauna a gida kenan, kai kana nan kana tsarkin hannu?"

Ya ce, "Jiharmu ma tana da tallafi, kuma masu irin karatunta suna gaba a layi. Na duba, ta cika kowane sharaɗi, makinta har ya yi yawa. Takardar asali ta can kaɗai ta rage."

"To a je a karɓo mana!"

Salmanu ne ya riga ni ganewa, ya ce, "Innalillahi." Ashe can garin ba sa ba wanda aka haifa a waje takarda sai babban gidansu ya sa hannu cewa ya san shi, jininsu ne. A gidan su Rasheed kuwa, can da nan, tsofaffi duk sun ƙare, saura mutum ɗaya.

Salmanu ya ce bari ya gwada. Ya je Singa ya sami tsohon a tsakiyar katan-katan na madara da taliya, ya gaishe shi ya yi masa bayani. Alhaji Akeem ya saurare shi tsaf, har lemo ya sa aka kawo masa, sannan ya ce a gaban jama'a aka raina shi, a gaban jama'a za a gyara. Taro yana nan ranar Lahadi bayan la'asar, mai nema ya san hanya, kuma ya san yadda ake gaisuwa.

Da Salmanu ya kawo saƙon na ce Allah ya sauwaƙe! Mutumin da ya ce 'yar Muhibba ba jininsa ba ce? Gara a sayar da duk abin da na mallaka. Rasheed ya ce, "Me kika mallaka, Yaya Hajo?" Ka ji min mutum, ana ƙoƙarin kare masa mutunci yana yi wa mutane baƙar magana. Amma gaskiya ya faɗa, 'yan kunnena sun daɗe da tafiya. Ya juya wurin Salmanu ya tambaye shi hukuncin wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga alheri a karya ta. Salmanu ya ce ya karya ya yi kaffara, ya ƙara da cewa ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Rasheed ya ce, "Ba durƙuso yake so ba." Ya ƙara da cewa, "Goshina na Allah ne, ba zai samu ba. Ƙirji yake so, zan ba shi ƙirji." Ya roƙe mu abu ɗaya, kada Raudha ta ji. Ta san labarin rantsuwar tun tana ƙarama, ni ce ma na ba ta, kuma ya san in ta ji cewa za ta yi ta fasa karatun.

Ranar Lahadi na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce in zauna, na ce sai dai ya ɗaure ni. Ya fito cikin farar shaddarsa ta zuwa Juma'a, ita kenan gare shi mai kyau. Na ce ka sa tsohuwa mana, tunda ka san abin da za ka je yi. Ya ce ba a zuwa roƙo da tsumma, sai a ce da wani rainin ka zo. Muka hau adaidaita zuwa Sabon Gari.

Damina ce, an yi ruwa da safe. Ƙofar gidan Alhaji Akeem, ranakun aiki masu gyaran janareto ne ke zama a wurin, ƙasar ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, ga ruwan sama ya dama ta. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, maza sun cika, mata a gefe da manyan gwaggwaro. Tsohon yana tsakiya a kujera mai hannu, ya tsufa fiye da yadda na zata, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Akwai tabarma a naɗe jingine da bango, ina ganinta, kowa yana ganinta. Matarsa Alhaja Falilat ta yunƙura za ta ɗauko, ya ɗaga mata sanda, ta koma ta zauna.

Rasheed ya cire takalmi, ya cire hula ya miƙo min. Mutum mai furfura, wanda lauyoyi da likitoci ke tsayar da mota su fito su gaishe shi. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya miƙe ƙafafu, ya kwanta a cikin caɓin nan tun daga ƙirji har gwiwa, ya ɗaga haɓarsa sama. Ni kuwa na ji kamar ni aka kwantar.

A al'adarsu, da ka kwanta babba yake cewa tashi. Alhaji Akeem bai ce ba. Sai ya gyara zama ya fara jawabi da Yarabanci, ni kuma zaman Fagge ya sa ina tsintar kaɗan-kaɗan. Ya faɗi wahalar da suka sha shi da baban Rasheed a zuwansu Kano, yadda suka yi ta kwana a tasha. Ya lissafo bukukuwa da mace-macen da aka yi a dangi ba a ga ƙeyar Rasheed ba, ya ce zumunta a ƙafa take, wanda ya yar da dangi sai ranar buƙata yake tuna su. Wani abin ma gaskiya ne, ban hana shi ba. Yana magana yana kurɓar ruwa, Rasheed yana nan kwance, shi da ba yaro ba. Can sai na ji ya ce, "Bahaushiyar nan."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na riga na ɗaure mayafi a ƙugu, maganar tana bakina, kuma da ta fito da sai dai a tashi taron. Rasheed ya juyo da fuskarsa daga ƙasa ya dube ni, ya ce a hankali, "Yaya Hajo. Raudha." Iyakar abin da ya ce kenan. Na koma na zauna, na cusa bakin mayafi a baki na cije. A rayuwata ban taɓa haɗiye magana mai ɗaci irin wannan ba, hawaye kawai ke zuba.

Alhaja Falilat ce ta kawo ƙarshen abin. Ta sauko daga kujera ta durƙusa gwiwa biyu a gefen Rasheed, cikin caɓin, da leshinta mai tsada. Sai wata tsohuwa ta bi ta, sai wata. Tsohon ya dube su, ya dubi wanda ke kwance. Ya juya harshe zuwa Hausa ya ce, "Me yarinyar take karantawa?" Rasheed ya faɗa masa daga kwancen. Tsohon ya ce, "Jikar yayana tela za ta haɗa magani." Sannan ya ce, "Tashi." Sai da mutum biyu suka kama Rasheed ya iya miƙewa. Aka kawo takarda tsohon ya sa hannu, ya buga hatimin ƙungiya. Bai ce a yafe masa ba, Rasheed ma bai ce ba, kuma sunan Muhibba bai fito daga bakin tsohon ba har muka bar wurin. Masu cewa tsohon ya yi nadama su suka sani, ni ban gani ba.

Mai adaidaita sai da ya shimfiɗa kwali a kujera sannan ya yarda ya ɗauke mu. A hanya na buɗe baki, duk abin da na haɗiye na sauke a kansa, shi da bai yi min komai ba. Na ce ga inji a shago, aikin da za ka gama kafin shayi ya huce, ka zaɓi a tattaka ka a gaban duniya. Ya bar ni na gama, ya ce, "Yanzu in aka tambaye ta wurin tantancewa 'yar wa ce, za ta faɗa gabanta bai faɗi ba." Gidana muka fara zuwa, ya wanke jiki, na aika aka karɓo masa riga wurin Salmanu, ya bar min shaddar ya ce in wanke in ajiye. Na wanke da omo, na jiƙa da kalanzir, na kai wa mai wanki da guga, baƙin man nan ya ce yana nan daram. Na ninke ta na tura ƙasan akwati.

Rasheed ya yi azumin kaffararsa, ya rufe shago, abin da bai yi ba tun rasuwar Muhibba, ya hau motar kudu. Raudha ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce Allah ne ya buɗe hanya, bai ƙara ba. Rabonsa da garin tun yana ɗan yaro a bayan babansa. Ya ce sun yi ta dariyar Yarabancinsa mai ƙamshin Hausa, amma da suka ga sa hannun Alhaji Akeem ba wanda ya ja. Ya dawo da takarda da mura. Ranar da zai cike mata, layi ya sa ta bi a benci kamar kowa, har ya tambaye ta katin ɗalibi, ka ce bai san ta ba. Ta je tantancewa ta dawo, muka shiga jira. Allah ya taimaka makaranta ta ƙara wa'adi saboda kukan iyaye, amma wa'adin ma yana ta cinyewa, ni har barci ya ƙaurace min. Rasheed kuwa in ka ga yadda yake marin injin fotokwafi a kwanakin nan, ka san ba injin ne ya yi masa laifi ba.

Ana dab da rufewa kuɗin suka shigo asusunta. Gidana ne a kan hanyarta daga makaranta, ta faɗo da gudu tana "Inna! Inna!" kamar ƙaramar yarinya. Muka rungume juna, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce maza buɗe akwatin can ki ɗauko min sabon mayafi, mu je wurin babanki tare. Tsufa ke nan! Wallahi na manta shaf da abin da ke ƙasan akwatin.

Na ji shirun ya yi yawa, na leƙa. Tana tsaye ta ware shaddar da hannu biyu. Bayan rigar fari tas, gaban kuwa baƙi tun daga ƙirji har gwiwa. Ta ce, "Inna, ta Baba ce. Duk Juma'a sai na neme ta." Na ce ai santsi ne ya kwashe shi. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce, "Wa ya sa hannu a takardar, Inna?"

Ta fita da rigar a hannu, ina bin ta ina haki. Shagon a cike yake, yana cikin buga wa wata yarinya takarda. Raudha ta ratsa mutane ta ajiye rigar a kan teburinsa, ta zube a ƙasa, kuka ya ci ƙarfinta. Ya dubi rigar, ya ɗago ya harare ni, na kawar da kai ina kallon lemon Monica.

Ta ce, "Baba, a gabansa? Bayan abin da ya faɗa a kan Ummana? Wallahi da na sani da na haƙura da karatun."

Ya ninke rigar a hankali ya tura ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban gaya miki ba. Kuɗin sun shigo?"

Ta gyaɗa kai tana sheshsheƙa.

Ya miƙa mata hannu, ya ce, "To tashi daga ƙasan nan, na riga na yi miki wannan. Maza banki ki biya kuɗin rajista kafin su rufe."